Facin da Na Yi wa Randar Auta

Ku da kuka karanta abin da na sa aka rubuta makon jiya, kun taya ni zagin wani yaro. Wata ta yi masa Allah ya isa, wani ya ce in kai shi kotu, wata ta ce maza duk haka suke in an hana su mace. Na gode. Yanzu ku gyara zama ku ji inda zagin ya kamata ya sauka.

Ga wanda yau ya fara shigowa. Ni maginiyar tukwane ce, shekara arba'in da 'yan kai hannuna yana cikin yumɓu. Ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma maƙwabciyata tela ce take buga min a wayarta ina faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta yi wa maganata kwalliya. Mijina ya rasu tun Auta tana rarrafe, da tulu da randa na raine ta. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yana ta kai kwaleji, kuma duk karatun duniya ba ta zaɓi komai ba sai ginin tukwane. Ranar da ta gaya min na yi dariya har na ƙware.

Na ce, "Abin da ke bayan ɗakinmu kyauta, shi za ki je ki zauna a benci a koya miki?"

Ta ce, "Inna, nasu daban ne."

Na ji da kunne, bai shiga kaina ba.

Shekara huɗu tana fita da farar riga tana dawowa da ita kamar ta yi kokawa da mai fenti. A ƙarshe aka ce kowa ya gina abu ɗaya babba, shi ne jarrabawarsa. Auta ta gina randa, tsayinta ya kawo min ƙugu, da farin yumɓun nan nasu da ke zuwa a buhu kamar fulawa. Wata biyu ta yi a kanta. Aka sa a tanderun makaranta, aka buɗe, aka tarar randar ta durƙushe daga kafaɗa, ta kife kan aikin wasu yara biyu ta haɗa da su.

Mai kula da tanderun wani saurayi ne, Dogo suke ce masa. Shi ne ya zo neman auren Auta wata shida kafin nan, da riga mai guga har tana tsayawa da kanta, yana ɓoye tabon ƙuna na hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Yayana, wanda ya yi aikin ofis har ya yi ritaya kuma har yau biro ba ya barin aljihunsa, ya tambaye shi wace takarda gare shi.

Ya ce, "Ta koyon aiki ce, Baba."

Yaya ya ce, "To je ka gasa ta."

Ni ma ban so shi ba, ba zan laɓe bayan Yaya ba. Na sha hayaƙi shekara arba'in, ban tura 'yata kwaleji don ta auro min wani hayaƙin ba. To da randar ta mutu a wutarsa, me kuke so in ce? Na ce ramuwa ce. Yaya ya rubuta takardar ƙara shafi biyu, na dangwala yatsa a ƙasa. Aka dakatar da yaron daga aiki, aka sa ranar Laraba kwamiti zai zauna. Nan na tsaya muku makon jiya.

Ran Litinin na kasa zama. Auta tana kwance fuskarta a bango, shayin da na kai mata ya yi fata a sama. Na ɗaura zanina mai ruwan ƙasa, na ja mayafi, na hau mota har kwalejin. So nake in kalli idonsa in gaya masa abin da takarda ba ta ɗauka.

Ɗakin tanderun yana can baya, kusa da inda suke zubar da fasassun kaya. Tanderun wani ƙaton akwatin ƙarfe ne da bulo a cikinsa, ƙofarsa a buɗe, ya yi sanyi. Dogo yana tsugune yana zuba kayansa a kwali: safar hannu mai kauri, kofin shayi, ƙaramar rediyo da aka ɗaure da roba. Ya miƙe, ya goge kujera da hannun rigarsa.

"Sannu da zuwa, Mama. Ga wuri."

"Ban zo zama ba. Kai ne mai rama hanin aure da wuta?"

Na ci gaba. Ba zan sa telar ta buga duk abin da na ce ba, don na sako har da waɗanda suka haife shi. Ya bari na gama, har numfashina ya ƙare. Sannan ya je ya tura ƙofa, ya zaro wani abu daga ƙasan kwalin, a naɗe cikin tsohuwar singileti, ya ɗora min a tafi.

Tsingaro ne, gutsuren kafaɗar randar. Bayansa fari da shuɗin sheƙin da Auta ta shafa. Na juya cikinsa. Wani baƙin abu ya narke ya kumbura ya zubo, kamar sukarin da aka manta a wuta.

Ya ce, "Mama, yumɓunmu ba ya yin haka. Ko kwana uku zai yi a wutar nan ba zai narke ba. Wannan jan yumɓu ne."

Na sake juya tsingaron, shi kuma ya ci gaba.

"Mu wuta biyu muke yi. Ta farko mai sauƙi ce, kamar taku ta gida, ja yana jure ta. Ta biyu, bayan an shafa ruwan sheƙi, ita ce mai tsanani. Ja ya shiga ta, ruwa yake zama. Wanda ya yi wata ɗaya a ajin nan ya san haka. Auta ba za ta yi ba ko a mafarki."

A gefen baƙin, inda bai narke ba, akwai layi uku a jere, na tsakiya ya ɗan karkace. Ɗan yatsana na tsakiya ya karye tun ina budurwa, ya ɗore a karkace. Yadda kuka san rubutunku a takarda, haka na san jan yatsuna a yumɓu.

Sai na ga ina zaune a kujerar. Ban san lokacin da na zauna ba.

Ga abin da ban gaya muku makon jiya ba, don wallahi ban ɗauke shi abin faɗa ba. Lokacin da randar take ɗanya aka rufe makaranta hutun mako biyu, Auta ta ɗauko ta a mota ta kawo gida don ta bushe a hankali. Ta ajiye ta a ɗakina, nesa da taga, ta lulluɓe da leda. Ta nuna ni da yatsa kamar ita ta haife ni.

"Inna, kada ki taɓa."

"Ni kike gaya wa? Kafin a yi cikinki nake gina randa."

"Na sani. Kada dai ki taɓa."

Kwana na huɗu da hantsi ta fita sayo takalmi. Na ɗaga ledar don in kalla kawai. Kyau kam ta yi kyau, ni kaina ban taɓa fitar da wuya irin wannan ba. Na zura hannu ciki ina shafawa, yadda nake yi wa kowace randa, sai farcena ya tsaya a wani wuri. Tsaga ce, siririya kamar gashi, ƙarƙashin kafaɗa. Irinta ba ta nuna kanta sai a wuta, ta buɗe baki ta raba randa biyu. Na san in na gaya wa Auta za ta ce sai ta tambayi malaminsu. Ga buhun farin yumɓunta a jingine a ƙofa, amma ni ban yarda da yumɓun da ba ya wari ba. Na ɗebo nawa, jan nan da na taka da ƙafata na haɗa da dakakken tsingaro, na kankare tsagar na cike ta, na ƙara mata kauri kamar tafin hannu. Na shafe saman da farin ruwan yumɓunta don kada ta gani. Na mayar da leda.

Da aka mayar da randar makaranta aka yi wutar farko Auta ta turo min saƙon murya, tana ƙwanƙwasa randar in ji. Ƙarar ta fito tas kamar ƙararrawa. "Inna kin ji? Ko tsaga babu." Na saurara sau biyar ina murmushi ni kaɗai, ina cewa a raina, yarinya, da kin san wa ya cece ki. Shi ya sa da ta mutu a wuta ta biyu ko kusa ban kawo facina a rai ba. Ai ya riga ya ci wuta ya fito. A wurina wuta wuta ce.

Na ce wa Dogo, "Me ya hana ka nuna musu?"

"Dokar jarrabawa, Mama. In hannun wani ya taɓa aikin ɗalibi, kora ce. Ba maimaici ba."

"To me ka ce musu?"

"Na ce ni na bar wutar ta zarce."

"Ƙarya ka yi musu."

"Eh."

"Don a ba ka ita?"

Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Ai kun riga kun hana ni. Shekara huɗu ina ganinta tana isa ɗakin gini tun kafin mai shara ya iso. Shi ke nan dalilin."

"Ta sani?"

"A'a. Na cire wannan kafin a kira su su gani. Tun da takardarku ta iso ko gaisuwata ba ta amsawa."

"To ni me ya sa ka nuna min? Don in ji kunya?"

Ya sosa ƙeya. "In na amsa laifin za a ba ta dama ta sake gini. Kuma wataƙila ta sake kawowa gida ta bushe." Ya kalli hannuna. "Don Allah, Mama, kada ki sake taimaka mata."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na ƙulle tsingaron a bakin zanina. Ya ce in bar masa, na ce nawa ne, ni na gina shi.

Ban yi kuka a mota ba. Ku da kuke son a ce na yi kuka, ban yi ba. Ina kallon ƙeyar direba da wani ƙuda da ke yawo a gilashi, har aka wuce inda zan sauka. Na wuce gidan Yaya kai tsaye. Yana falo ƙarƙashin fanka, ya ɗora ƙafa kan ƙaramin tebur. Na kwance zani na nuna masa, na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wa ya sani?"

"Ni da yaron. Yanzu da kai."

"To magana ta mutu. Jefa shi a kwata ki je ki kwanta."

"Yaron fa, Yaya?"

"Shi ya zaɓa. Saurayi ne, zai sami wani aikin. Gidajen burodi ma suna da tanderu."

"Kai ka rubuta cewa da gangan ya yi."

"Ke kika dangwala." Ya nuna ni da biro. "Ki ji da kyau. Kin riga kin fasa mata randa, kada ki fasa mata shekara huɗu. Bakin nan naki da ba ya riƙe komai, ki ɗinke shi zuwa Laraba."

Na dawo gida. Auta ta tashi tana wanke kofuna, ta rame har wuyan rigarta yana zamewa. Ta ce, "Ina kika je, Inna?" Na ce unguwa. Na zaga bayan ɗaki na zauna gaban yumɓuna. Na kwaɓa shi tun Asabar, ya fara bushewa a gefe. Na kalle shi har aka kira la'asar, ban taɓa ba.

Ran Talata saƙo ya shigo wayata a rubuce, na kai wa telar ta karanta min. Daga Dogo ne: "Mama ina roƙonki gobe kada ki ce komai. Na riga na yi magana da wani kan aiki." Telar ta kalle ni ta saman keken ɗinki. Na ce ta ci gaba da ɗinkinta. Yaya kuma ya turo saƙon murya guda uku, duka magana ɗaya, na ukun ya ƙare da cewa in na kunyata shi babu shi babu ni.

Laraba na sa zanina na fita kunya, mai shuɗin fure, wanda na ajiye don ranar da Auta za ta karɓi takardarta. Na gutsuro jan yumɓu kamar dunƙulen hannu na sa a leda, na tura cikin jaka tare da tsingaron. Muka tafi mu uku, Yaya a gaba.

A barandar da za ta kai mu ɗakin kwamiti na ci karo da kaina. Hotona ne a bango cikin gilashi, ƙato, ina durƙushe ina jan wuyan tulu. Shekara uku da suka wuce shugabar sashensu ta kawo ɗalibai mota guda gidana, suka yi ta ɗaukata hoto, suna cewa Mama sake yi mu gani. Ban san sun rataye ni ba. Na tambayi Auta me aka rubuta a ƙasa. Ta ce, "Maginiyar gargajiya." Ko suna babu.

Dogon tebur ne, mutum biyar, kowa da robar ruwa a gabansa. Shugabar a tsakiya, tabarau a rataye da sarƙa a wuyanta. Dogo yana can ƙarshe da rigarsa mai guga, wadda ya zo neman aure da ita. Auta ta zauna jikin bango, ta ja mayafinta mai ruwan toka har goshi. Aka karanta takardarmu. Na ji kalmomin da na dangwala wa yatsa suna fita daga bakin wani, ɗaya bayan ɗaya. Aka tambayi Dogo, ya miƙe ya ce sakacinsa ne, ba da gangan ba. Shugabar ta fara rubutu.

Yaya ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur tun ban motsa ba. Na zare ƙafata. Na buɗe jaka na ɗora tsingaron da ledar yumɓu a kan takardunsu.

Na ce, "Malama, ajiye biron. Yaron nan ƙarya yake yi."

Na faɗa musu yadda na faɗa muku, ban rage ba. Kamar labarin wata nake bayarwa. Na ce ga jan yumɓun nan, su sa a wutarsu su gani in bai zama abin da ke jikin tsingaron ba. Ban kalli inda Auta take ba.

Shugabar ta ce, "Mama, kin san abin da maganar nan za ta iya jawo wa 'yarki?"

"An gaya min shekaranjiya."

Wani mai sanƙo a gefenta ya ce, "To ta yaya za mu san ba ita ta sa ki ba?"

Na ce, "Malam, kai ka koyar da ita?"

"Ina cikin waɗanda suka koyar."

"Ka koya mata ta sa jan yumɓu a wuta ta biyu? In ita ta sa ni, ai fari za ta miƙo min, buhunsa yana jingine a ƙofata. Wannan aikin sai wadda ba ta taɓa shiga ajinku ba. In kuma kun ce ita ce, to ku ne ba ku iya koyarwa ba, sai ku fara korar kanku."

Wata a ƙarshen tebur ta rufe baki da takarda. Mai sanƙon ya ce doka dai doka ce, hannun wani ya taɓa aikin.

Na ce, "To ku kori hannun. Ga ni."

Shugabar ta ce, "Ai ke ba ɗalibarmu ba ce, Mama."

"To me nake yi a bangonku? Kun kawo min yara mota guda ku ce su koya daga hannun nan, kun rataye shi a gilashi. Cikinku babu wanda ya zauna minti biyu ya gaya min wutarku ba irin tawa ba ce. Yau hannun ya taɓa randa ɗaya ya zama abin kora. Laifina na ɗauka, na yi abin da aka ce kada in yi. Ku mayar wa yaron nan makullan tanderunsa. Yaran nan biyu da randar ta danne wa aiki, ku kai ni gabansu in durƙusa. Auta kuma ku ba ta wuta ɗaya, ta sake gini. Ban roƙa mata makin jarrabawa ba, wuta ɗaya na ce."

Suka fitar da mu suka yi shawara. Da aka dawo da mu aka ce Dogo ya koma aiki, da takardar gargaɗi saboda ƙaryar da ya yi. Yaran biyu za su sake gini. Maganar Auta kuwa ta fi ƙarfinsu, sai babbar majalisar makaranta ta zauna ran Litinin mai zuwa, ita za ta ce kora ko dama.

Yaya ya fita bai jira mu ba, har yau bai ɗaga wayata ba. Auta ta miƙe ta wuce ta gabana kamar ta wuce kujera. A baranda na ga ta tsaya gaban Dogo, sannan ta juya ta nufi ɗakin kwanan ɗalibai wurin ƙawarta. Na hau mota ni kaɗai da zanina mai shuɗin fure.

Yau kwana uku ba ta dawo ba. Ina dafa shinkafa ta mutum biyu in ci cokali uku in rufe. Yumɓun bayan ɗaki ya bushe ya tsage, na bar shi. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin sauƙi. Kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, haka duk jikina yake.

Abu biyu nake nema a wurinku. Ku da kuka zagi yaron nan a ƙarƙashin rubutuna, ku koma ku goge, ni na sa ku. Sannan in akwai wanda ya san dokar makarantun nan, ya gaya min ko ana barin uwar da ba ta yi boko ba ta shiga gaban majalisar. Ko ba a bari zan je. Na san ƙofar.

Da safen nan ina shara wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Auta, gajere. Na jingine tsintsiya na danna. Muryarta a dishe take, ba gaisuwa, ba Inna ina kwana.

"Tsagar da kika gani. A ina take? Ni na duba randar nan sau ɗari ban gan ta ba."

Na saurara sau uku. Sannan na danna na riƙe, na ce, "Ba a ganinta, da farce ake ji. Ƙarƙashin kafaɗa daga ciki, inda kika tsaya da gini wata rana kika ɗora washegari. In kin dawo zan nuna miki a jikin tawa randar. Taki ba zan taɓa ba."

Telar ta ce alamar wayar ta nuna Auta ta saurara. Na jiƙa yumɓun, na bar ƙofa a buɗe.